Waƙar da Ba Ta San Shekara Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Baba Ƙarami, ƙanen mahaifina, ya rasu bayan an gama girbi, yana zaune a kan buzunsa, rediyo na magana a gefensa. Matar jikansa ce ta fara lura, don ta ji an sa irin kiɗan zamanin nan da ba ya so, kuma bai miƙa hannu ya kashe ba.

Ban taɓa zaman makokin da aka yi dariya kamar nasa ba. Mutane sun zo daga Gidan Sori da Tibiri, wasu a amalanke, wasu a kan baburan kabu-kabu. Ana cikin addu'a sai wani dattijo, abokin tasowarsa, ya gyara murya ya kwaikwaye shi: "Jama'a, kafin ku ji, ku sani. Wanga abu anka ɗauke shi bayan girbi, shekarar da ruwa ya yi gyara, rumbuna rabi." Zaure ya ɗauki dariya. Liman ma sai da ya ja rawani ya rufe baki. Jikoki kuwa da ma sunan da suka sa masa ke nan, Tsoho Wace-Shekara, don ko labarin faɗan kaji ka kawo masa sai ya tsayar da kai ya tambayi yaushe aka yi.

A cikin gida ba kowa ya yi dariya ba. Gwaggona, autarsu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta ja carbi ta ce, "Allah shi jiƙan shi, Allah shi gafarta mai. Amma ni ban manta ba. Ya tuɓe ma Yaya riga a bainar jama'a."

Da la'asar wani tsohon Bafulatani ya iso daga wajen Gazawa, da sandarsa a kafaɗa. Ba wanda ya san shi. Ya yi gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma, aka tambaye shi inda ya san marigayi. Ya ce, "Fuskarshi ban sani ba. Muryarshi na sani. Muna kan hanya, ni da uwata da ƙannena, muryar ta ce mu koma. Mun koma." Ya karɓi gumbarsa ta sadaka ya tafi.

Da gwaggo da Bafulatanin duk abu ɗaya suke nufi, kuma duk gaskiya suka faɗa. Ni ina gidan lokacin da aka yi abin, ina wankan jego, ba inda nake zuwa, don haka ba abin da ya wuce ni. Yaran yanzu sun ɗauka tambayar shekara rikicin tsufa ce. Shi ya sa na ce bari in rubuta.

A zamanin nan rediyo ɗaya ne a garinmu. Hukuma ta kawo shi tare da na'urar ɗaukar murya, aka ce gari ya zaɓi mai riƙewa. Baba Ƙarami ya ɗan taɓa lakol, wato makarantar boko, kafin kakanmu ya cire shi, don haka aka ba shi. Ranar saurare, bayan la'asar, yakan fito da akwatin ƙarƙashin babban gawo. A saurara, a yi gardama kan abin da aka ji, shi kuma ya ɗauki gardamar a kan zaren na'urar, ya ba motar kasuwa ta kai buro, ofishin masu rediyon, a Maraɗi, daga can ta wuce babban gidan rediyo. Wata rana kana zaune sai ka ji muryarka ta fito daga akwati. Haka ake yi a garuruwa da yawa, daga Gidan Rumji har Agiye da Gazawa, kowane gari da inuwarsa da mai akwatinsa.

Abin da buro ke so shi ne maganar gyaɗa da taki da rigakafi. Abin da Baba Ƙarami ke so shi ne waƙa. Sai ka ga zare ya tafi, rabinsa luguden mata ne, da gaɗar 'yan mata, da gurmi, da sarewar Fulani. Mushen buro, wato shugaban ofishin, ya aiko da faɗa ba sau ɗaya ba. Shi kuwa ya ce, "Maganar taki mutum nawa ka zama? Sa gurmi ka gani, har kurma na zuwa da tabarmarshi." Daga baya mushen ya yi shiru, don wasu garuruwan ma waƙoƙin suke roƙo. Akwai wani mai gurmi a garinmu da ko karen gidansa ba ya sauraronsa. Da aka sa shi a akwati, sai ga shi ana aiko masa da goron biki daga Agiye.

In zai ɗauki murya, Allah ya isar wa mai tari. A ɗaure awaki nesa, a ba jariri nono, kowa ya haɗiye miyau. Ni ya kore ni daga gindin gawo ba adadi, don da na ga ya ɗaga yatsa ya zare ido sai dariya ta kubce mini. Duwatsun rediyo kuwa, wato baturansa, shanya su yake a kan rufin ɗaki, wai rana na ƙara musu rai. Noma dai ba a magana. Mahaifina yakan ce, in kana neman ciyawar doki kada ka wahala, nufi gonar ƙanena. Karin maganarsa a lokacin ɗaya ce, yana faɗinta yana shafa na'urar: "Baki na mantuwa, zare ba ya mantuwa." Zare ɗaya ne bai taɓa aikawa ba. A kansa ya ɗauki kakarmu, mahaifiyarsu, tana waƙar niƙa, ana jin dutse na tafiya a ƙarƙashin muryarta. Bayan rasuwarta yakan sa shi jefi-jefi, shi kaɗai a ɗaki.

Mutum ɗaya ya daɗe yana ƙin akwatin, makaɗin gidanmu. Ubansa ya yi wa kakanmu gangar noma, shi kuma yana yi wa mahaifina. Ya ce, "Waƙar noma a gona take, da zufarta. In rana ta faɗi ta mutu, gobe a haifi wata. Kai kana so ka shanya ta kamar kilishi." Baba Ƙarami ya bi shi da goro da lallashi shekara da shekaru. Bai yarda ba sai shekarar dubu.

Ga wanda bai sani ba, dubu ita ce manomi ya samu dami dubu na hatsi a damina ɗaya, ya tara jama'a, ya buɗe rumbu, kowa ya ci ya ɗiba. Daga ranar ya zama sarkin noma. Malamai sukan ɗan yi gunaguni, su ce al'adar da ce, amma su ma suna zuwa da buhunsu. Kuma akwai ƙa'ida: duk wanda ya zo ƙofar sarkin noma da kirarinsa a baki, ba ya komawa da ƙwarya wofi. Wannan ba ta taɓa karya kowa ba, don kirari ba ya wuce inda ganga ta kai. Maroƙi ne, ko gwauruwa, ko wani maƙwabci da damina ta ci amanarsa.

Mahaifina ya yi dubunsa a damina ta ƙarshe mai kyau. Ranar makaɗi ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kira sunan garinmu, ya kira sunan gidanmu, ya ce:

Mai rumbun da ba shi da murfi,
Mai jin yunwa, bi hanyar gawo,
In ka iske ƙofa kada ka yi sallama,
Shiga da ƙwarya, fito da dami.

Baba Ƙarami yana durƙushe cikin kara, ya miƙa hannu da abin magana, gumi na zuba. Ya aika zaren. Muka jira, ba a sa ba. Muka gaji muka manta.

Sai ruwa ya fara ja da baya. Shekara ta farko aka ce gyara ce, za ta wuce. Ta biyu aka yi shuka sau uku, ta tsiro ta ƙone. Ta uku ba a ma san me za a ce ba. Mata suka koma jiƙa anza da tafasa, wasu suna haƙa gidan tururuwa. Ni an kai ni aure Tibiri, na dawo gida haihuwar fari. Rumbunan mahaifina da suka yi layi a bayan gida duk an kwantar da su, saura biyu. Ɗaya na ci, ana ganin ƙasansa. Ɗaya na iri, an liƙe bakinsa da laka, cike da zaɓaɓɓun zangarniyoyi na irin kakanmu, mai saurin nuna, wanda rabin gari ke jira in Allah Ya kawo ruwa.

Wata ranar saurare ina ɗaki da jariri sai na ji gangar noma daga gindin gawo. Na ce a raina, shi ke nan, yunwa ta taɓa makaɗi. Na leƙa ta kan danga. Ashe akwati ne. Mai gabatarwa ya ce ga waƙar wani sarkin noma na ƙasar Gobir, don manoma su ƙarfafa zuciya. Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ce ta yaushe ba ce. Wataƙila shi ma bai sani ba, zare ne ya ciro daga cikin tari.

Wallahi ranar mutane sun ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ga mahaifina ya miƙe baya kamar an cire masa kaya. Tsofaffi suna gyaɗa kai, wasu suna share ido. Baba Ƙarami sai washe baki yake, yana duban kowa. Makaɗi kaɗai ya zauna da ƙasusuwan wuyansa a waje, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wanga ba ni ba ne. Wanga mai ƙoshi ne."

Inna, mahaifiyata, ita ta fara ganewa. Da Baba Ƙarami ya shigo da akwatin ta tare shi a tsakar gida.

"Wanga abu, har ina ake jin shi?"

"Har Gazawa, matar Yaya! Har iyaka, har bayan iyaka."

Ta je ta zauna a bakin murhu, ko wuta babu a ciki.

A lokacin ba a san rediyo da ƙarya ba. Abin da akwati ya faɗa, hukuma ce ta faɗa. Kuma da yake waƙar ta yi daɗi, sai aka yi ta maimaita ta. Mutanen ƙauyukan kusa suka fara zuwa, su da sun san halin da ake ciki, suna zuwa da kunya. Daga baya na nesa suka iso, waɗanda ba su san komai ba sai abin da suka ji. Akwai manoma daga gabas, akwai Fulanin da shanunsu suka ƙare, suna tafe da igiyoyin a hannu, ba abin ɗaurewa. Na tuna wani tsoho a cikinsu da ya tsaya a ƙofar zaure, ya rasa yadda zai yi, ya ce, "Baffa, sun ce kada mu yi sallama."

Mahaifina ya ce, "Gaskiya sunka hwaɗi. Kawo ƙwaryarka."

Rumbun ci bai daɗe ba. Mu na cikin gida muka koma anza kamar kowa, nonona ya fara tsinkewa, yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe. Baƙi kuwa ba su daina zuwa ba. Wata safiya mahaifina ya ce a kawo masa gatari. Inna ta riga shi zuwa, ta zauna a gindin rumbun iri ta miƙe ƙafa.

"Maigida, wanga ba hatsi ba ne. Baɗi ce."

"Tashi."

"Ka dubi jikanka."

"Akwai jikokin wasu a ƙofa. Tashi."

Ta tashi. Ya fasa lakar da hannunsa. Daga ranar kullum sai an ciro zangarniya an sussuka, mu kuma muna kallon baɗi tana fita a ƙwaryar mutane. Kada wani ya ce mahaifina wawa ne. Ya san abin da yake yi sarai. A wurinsa mutum ya mutu da sunansa ya fi ya rayu ana nuna shi da baki.

Faɗan da suka yi a zaure ne, da hantsi, bango ɗaya tsakaninmu. Baba Ƙarami ya fara.

"Yaya, bari in tahi in ce masu waƙar tsohuwa ce."

"Ka ce masu mi? Sarkin noma ya ƙare?"

"In ce babu, sai iri."

"Babu! A bakin ɗan ubana, cikin akwati, har Gazawa? Kai ka kira su. Ni zan sallame su, yadda ubanmu ya yi."

"Ubanmu gangarshi ba ta wuce fadama ba, Yaya. Tawa ta wuce. Akwai mata da goyo bisa hanya yanzu haka. In sunka iso ba ko iri, mi za ka zuba masu?"

Sannan mahaifina ya ce, "In ka yi, kada ka ƙara ce mini Yaya."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Baba Ƙarami ya san magana zalla ba ta kashe waƙa, mutum zai ji sanarwa ya ce ta wani gari ce. Gangar da ta kira su ita za ta sallame su. Sai ya nufi gidan makaɗi. Wannan Baba Ƙarami ne ya ba ni labari da bakinsa, bayan shekaru. Makaɗi ya ce a'a tun kafin ya zauna. "Bakin da ya ce rumbu ba murfi ba ya komawa shi sa murfi. In na yi, wa zai ƙara yarda da kirarina? Na hwaɗa maka tun farko, ka bar ta ta mutu a gona." Baba Ƙarami bai yi gardama ba. Ya zauna a ƙofar ya ƙi tashi, rana ta dake shi, inuwa ta zo ta wuce. Can makaɗi ya fito da gangar, fatarta ta saki, ya ajiye ta a rana ta ɗame. Ya ce, "Ba ni hwaɗin komi. Amma hannu ba baki ba ne."

Akwai kiɗan da ake yi a gayya in aiki ya ƙare, kiɗan tashi. Ba shi da waƙa. Duk wanda ya taɓa riƙe hauya ya san shi: a saɓa kayan aiki, kowa ya kama hanyar gidansa. Shi ne kiɗan da makaɗi ya yarda ya buga. Saura zare. A shekarar an daina aiko da sabo, duk na hannunsa sun tafi ba su dawo ba, sai guda ɗaya. Suka je busasshiyar fadama su biyu, Baba Ƙarami ya ɗora zaren kakarmu, ya ɗauki kiɗan tashi a kan waƙar niƙanta. Na tambaye shi ko ya saurare ta sau ɗaya kafin ya shafe. Ya ce duwatsun ba su da ƙarfin yin biyu.

Bai ba motar kasuwa ba, da kansa ya kai. Ya zauna a ƙofar buro har mushen ya gaji da ganinsa ya yarda. Ya dawo bai gaya wa kowa komai ba. Ranar saurare ya fito da akwatin kamar kullum, ya ajiye shi a gaban jama'a, mahaifina na zaune a wurinsa na gaba. Da kiɗan ya fara sai na ga maza suna motsi, wasu har sun dafa ƙasa za su miƙe, jiki ya riga hankali. Sannan muryarsa ta fito a kan kiɗan, a hankali, ba rawa:

"Jama'a, waƙar sarkin noma da kunka ji tsohuwa ce. Ni na ɗauke ta, shekarar dubu, kafin fari. Yau gidan yayana babu, sai iri. Wanda ya kama hanya shi koma. Laifin nawa ne, ba nashi ba."

Ba wanda ya dubi wani. Mahaifina ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya taka zuwa gida ba gaggawa. Kafin kasuwa ta zagayo an kafa zana a tsakiyar gidanmu, daga zaure har bayan ɗakuna. Gwaggo ta tsaya a jikin zanar ta yi wa Baba Ƙarami tas, ba abin da ta rage. Yana zaune yana goge na'urarsa.

Baƙi suka ragu, sannan suka ɗauke. Waɗanda ke hanya sun ji a garuruwan da suka yada zango, wasu suka yi kudu suka tsallaka iyaka, wasu suka nufi inda ake rabon jar dawa ta agaji. Waɗanda suka riga suka iso suna zube a gindin gawo, Baba Ƙarami ya yanka musu awakinsa ɗaya bayan ɗaya, har da uwar garken, ya raka su bakin hanyar mota. Inna ta kwaɓa laka ta liƙe rumbun da hannunta. Abin da ya rage a ciki bai kai rabi ba.

Mahaifina bai ƙara amsa sunan sarkin noma ba. In baƙo ya kira shi haka sai ya ce, "Ba ya nan." Makaɗi ya zo da gangarsa da damina ta kama, ya aika aka ce ya koma. Na ga mutum ya tsufa a shekara ɗaya. Na ji haushin Baba Ƙarami ƙwarai, har na daina gaishe shi sai Inna ta zare mini ido. Kuma na gode masa, ranar da na dama wa yarona kunun sabon hatsi. Duka biyun suna nan a zuciyata har yau, ba wanda ya kori wani.

Da ruwa ya sauka, mahaifina ya buɗe rumbun ya raba irin gida gida, kowa ɗan abin da zai rufa wa gonarsa asiri. Da ya gama ya cika wata ƙaramar ƙwarya ya miƙo mini, bai dube ni ba. Ya ce, "Kai ma mai akwati." Na zagaya ta zaure na kai. Baba Ƙarami ya karɓa da hannu biyu. A shekarar ne, karo na farko a rayuwarsa, aka ga gonarsa ba ciyawa.

Daga nan ne ya ɗauki halin da ake kwaikwayo a makokinsa. Ba ya ɗaukar komai, ko gaɗar yara ce, sai ya fara faɗin lokacin da ake ciki, da yadda damina ta yi, da inda rumbuna suka tsaya. Mawaƙa ma ya ɗora musu. Mai gurmi ya yi ta mita, wai ana kashe masa zafin hannu. Buro suka ce yana ɓarnar zare. Oho, ko a jikinsa. Tsohuwar karin maganarsa ban ƙara jin ta a bakinsa ba. Sabuwar ita ce, "Waƙa ba ta san shekara ba, sai ka gaya mata." Ya bi sawun zaren dubu har sai da aka dawo masa da shi, ya naɗe a tsumma ya jefa ƙasan adaka.

Zanar nan ta tsaya har fari na biyu. In ta ruɓe a sake sabuwa. Suna sallah sahu ɗaya, suna zuwa jana'iza ɗaya, abinci na tsallakawa ta hannun yara, amma magana babu. Taurin kai gadonsu ne, ni ma an ce na samu rabona.

A fari na biyu ciwo ya kwantar da mahaifina. An aiko mini na zo. Wata rana da hantsi ya buɗe ido ya ce wa Inna, "A kira mai akwati. Shi zo da gangata." Baba Ƙarami bai zagaya ta zaure ba, ya ɗaga zanar ya shigo da na'urar a hammata, da duwatsun da ya kwaso daga rufin ɗaki, da zafinsu. Ya durƙusa a gefen gado, ya warware tsumman, ya ɗora zaren. Ya sa yatsa zai danna, sai ya tsaya. Ya gyara murya.

"Wanga waƙa tsohuwa ce. Anka ɗauke ta shekarar dubu, bayan girbi, rumbuna..."

"Na sani, ɗan nema. Ina wurin."

"Ƙa'ida ce, Yaya."

Inna ta dubi ƙasa. Mahaifina ya daɗe yana kallon ƙanensa, sannan ya ce, "To, ƙarasa." Ya ƙarasa, har da yawan ruwan shekarar. Ganga ta tashi a cikin ɗakin, makaɗi mai ƙoshi yana kiran masu yunwa, shi kuwa makaɗin ya daɗe a ƙasa. Mahaifina yana motsa yatsun ƙafa. Bai yi kwanaki da yawa ba bayan nan. Baba Ƙarami ne ya yi masa wanka, shi ya cire zanar, ya haɗa wutar dafa abincin sadaka da ita.

Ya rayu har ya ga rediyo a aljihun kowa, har aka buɗe ƙaramin gidan rediyo na yankinmu, wanda 'ya'yanmu ke magana a ciki. Sukan zo neman tsofaffin zarurrukansa, don muryoyin da ke ciki babu su a ko'ina. Yana ba su, da sharaɗi ɗaya, kuma yana zaune da rediyo a kunne yana jira. In suka sa waƙa ba su faɗi shekararta ba, gobe da safe yana ƙofarsu a bayan kabu-kabu, da sandarsa. Zaren dubu kaɗai ya hana.

Allah Ya jiƙan Baba Ƙarami, Ya haɗa shi da yayansa a inda ba zana, Ya mayar masa da muryar mahaifiyarsa da ya bayar. Gumbar da aka raba a sadakarsa, wadda Bafulatanin nan ya tafi da ita, daga irin nan take. Ba mu taɓa sake shi ba.

Ranar addu'ar bakwai wata yarinya daga gidan rediyon ta shigo cikin gida, ta durƙusa ta miƙo mini abin magana. Ta ce, "Inna, ki hwaɗi wani abu bisa marigayi, za mu sa." Ina da magana cike da ciki. Na buɗe baki, sai na ji abin da ya fito daban. Na ce, "Jama'a, kafin ku ji, ku sani." Mata suka fara dariya. Gwaggo ce ta ɗaga hannu, da carbin a ciki, ta ce a yi shiru a bar ni.

Na ce, "Wanga magana anka ɗauke ta bayan girbi, shekarar da Baba Ƙarami ya rasu. Ruwa ya yi, rumbunanmu cike, na iri an liƙe shi. Wanda ya ji mu bana, shi zo, akwai. Wanda ya ji mu wata shekara, shi tambaya tukuna kafin shi taso."